Ranar da Aka Saki Ruwa a Fadama

Sau biyu 'yan fashi suka shigo shagona na taki da irin albasa a Goronyo, duk a ranar kasuwa bayan La'asar, ido na ganin ido. A na biyun har bakin bindiga aka ɗora mini a kunne. Nan na ce na haƙura. Na fara ɗaure kaya, zan koma ƙauyenmu Marnona in rungumi fartanya, wahalar shekara ashirin ta tafi a banza.

Ana cikin haka aka turo mana wani sufeton 'yan sanda, siriri, mai sanyin magana. Ni ina jiran motoci da jiniya, sai ga mutum zaune a bencina yana ɓarar gyaɗa, yana tambayar ta ina baburan 'yan fashin suka bi, kuma wace rana manoman fadama ke ban ruwa. Raina ya ɓaci. Na ce masa ni ba a gona aka yi mini fashi ba. Ya yi murmushi, ya roƙe ni in ƙara kasuwa biyu kafin in rufe.

Ashe ya gano ɓarayin a cikin 'yan kasuwa suke shigowa, amma in za su gudu ba sa bin titi. Wata busasshiyar hanya suke bi tsakanin gonakin albasa. Sai ya je ya zauna da tsohon da ke raba wa manoma ruwa, suka shirya duk ranar kasuwa da Azahar a buɗe magudana, ruwa ya malale hanyar.

A kasuwa ta biyu 'yan fashin suka dawo, wannan karon shagon maƙwabcina. Suka fita a guje, su huɗu a babur biyu, suka afka cikin laka har gwiwa. Wasu leburori da ke duƙe cikin albasa suka miƙe suka cafke su, ashe 'yan sanda ne. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba.

Na je na gani da idona. Na ji kunyar abin da na faɗa wa sufeton, har na kasa duban fuskarsa. Can gefe tsohon na tsaye a kan albasarsa da ruwan ya shanye, na matsa na yi masa sannu.

"Sannun mi? Albasa ana sake dasa ta," in ji shi. "In kat tashi, wa ka saida muna iri? Je ka kwance kayanka."

Kafin Magariba na kwance, kuma gwangwanin irin da na fara cirowa gidansa na kai.