Tsumman da Yaya Ya Yaba

Yayana mai wankin mota ne, shekara goma sha ɗaya ke nan a rumfa guda bayan gidan mai. Abokan aikinsa Kumfa suke ce masa. Hannayensa duk sun tsattsage saboda sabulu, kuma mutum ne da in abu ya burge shi sai kowa ya ji, har kunnenka ya gaji.

Abin da ya burge shi bara shi ne wani sabon tsumman goge cikin mota, mai zuwa a jiƙe cikin leda, ana zara ɗaya-ɗaya. Waɗanda ya saba da su na roba ne, ba sa ruɓewa, su ke toshe masa kwata duk damina. Wannan kuwa da zaren tsiro aka yi shi, ga hoton koren ganye a jikin ledar. Yaya ya kawo guda gida yana nuna wa mahaifiyarmu.

"Inna, taɓa ki ji laushi. Ganye ne zalla. Ko a ƙasa kika yar, ruɓewa zai yi. Wannan ko jariri ba zai cutar ba."

Na ce masa saura ya ce a zuba a miya. Aka yi dariya, ya ajiye ledar a kan taga ya manta da ita.

Lokacin 'yarsa tana wata biyar, 'yar da suka yi shekara takwas suna jira. Matarsa ta koma shagon ɗinki, don haka Inna ce ke raino da rana. Inna ba ta iya karatu ba, amma ba ta manta magana, balle ta ɗanta. Ranar da aka ɗauke ruwan famfo yarinya ta ɓata jikinta, sai Inna ta zaro tsumman nan ta goge ta. Ta ga ya fitar tas, ga ƙamshi, ta ci gaba har kwana uku, har da wuya da fuska.

Ni na fara gani da safe. Cinyoyin yarinyar sun yi jawur sun sale, idon hagu ya kumbura ya rufe. Kukan ma ya dushe, sai ta buɗe baki kawai.

A asibiti malamar jinya ta tambayi abin da ake shafa mata. Inna ta fiddo ledar daga jakarta, hankalinta kwance. Malamar ta juya bayanta ta karanta.

"Baba, zaren na tsiro ne, gaskiya. Amma ruwan da aka jiƙa shi da shi na cire maiƙo ne daga mota. Ga shi an rubuta kada ya taɓa ido."

Aka shige da yarinya don likita ya duba idon. Yaya ya iso a guje, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Ya karɓi ledar, ya karanta bayanta a karo na farko. Ina cike da haushinsa, na kau da kaina.

Inna ce ta yi magana, a hankali. "Ai kai ka ce ko jariri..." Ba ta ƙarasa ba.

Mun fi awa a kan bencin bakin ɗakin likita, duk wanda ya buɗe ƙofa sai mun miƙe.

Idon ya tsira, fatar ta warke cikin mako biyu. Yaya bai daina aiki da tsumman ba, don kwatarsa ta daina toshewa, amma yanzu da safar hannu yake taɓa shi, kuma a rumfa yake kulle shi. Surutun ma ya ragu.

Inna ce ba ta dawo daidai ba. Tun ranar ba ta sake yi wa yarinyar wanka ba. Kullum da yamma Yaya zai ɗora mata ita a cinya ya ce, "Inna, laifina ne." Ita kuwa sai ta duba tafin hannunta, ta goge a zani, kafin ta yarda ta taɓa jikarta.