Baba a Kan Katakon Ganye

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina karatun ilimin halittu, aka ce ba mai samun lisans, wato digiri, sai ya kawo tsirran ƙasarsu, busassu, a shimfiɗe cikin takarda. Da hutu na koma Hawandawaki, na shiga tsintar ƙuduji da ƙarangiya a gonarmu.

Baba ya dube ni ya ce, "Duk damina muna nome abin nan, kai kuma kana yi mashi shimfiɗa."

Na jera su tsakanin katako biyu, na danne da buhun gujiya. Ba su gama bushewa ba sai ga motar masu sayen gujiya daga Tasawa, ta kwashe buhunan. Dutse kuwa ba a samunsa a rairayinmu. Ina tsaye ina zullumi, Baba ya ture ni, ya tattara rigarsa ya zauna bisa katakon. Nan yake jan carbi, nan yake cin tuwo, nan baƙi ke gaishe shi, yana ta mita.

Da na kawo takardar lisans, ya juya ta, ya shafa, ya ce, "Sunanka kaɗai suka sa? Wanda ya zauna fa?"