Inna, na dawo

Jiya ina tsaye a bakin fili ina kallon bikin raye-rayen gargajiya, sai na ji an rungume ni ta baya ana cewa, "Anti, Laraba ce!"

Shekara huɗu ke nan da aka kawo mana 'yan rawa mata biyu daga Senegal, muka sauke su a gidanmu cikin Birnin Zariya. Inna, mahaifiyata, ta kasa faɗin sunan ɗayar, ta ce tunda ranar Laraba ta zo, Laraba take. Babu mai jin yaren wani, amma kullum suna tsakar gida suna tsinkar zogale suna dariya.

Ranar tafiya Inna ta ƙi cewa sai wata rana. Ta riƙe hannun Laraba ta ce, "Sai kin dawo," yadda take ce mana idan za mu kasuwa.

Jiyan, da 'yar Hausar da ta koyo, Laraba ta ce, "Na ɗauka maganar Inna ban kwana ce, sai daga baya aka fassara mini. To, ga ni. Ina Inna?"

Na ce, "Inna ta rasu bara."

Sai ta ce in kai ta gida.

A ƙofar ɗakin Inna ta tsaya, ta cire takalmi, ta ce a hankali, "Inna, na dawo."

Ni na amsa mata, "Sannu da zuwa, Laraba."

Ku sa Inna a addu'a. Ku ma akwai kalmar da aka faɗa muku, sai daga baya kuka gane nauyinta?