Yadda Na Kashe Gwaggo a Saman Shafi

Har gobe in aka ce wa ya kashe Gwaggo da ranta, ni ake nunawa a dangi. Ban musa ba, ni ne. Amma a bar ni in faɗi yadda aka yi, don masu yaɗa labarin nan ko linzamin kwamfuta ba su iya riƙewa ba.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Bebeji, a bakin titin da motocin Kano ke wucewa. Katin ɗaurin aure, takardar neman aiki, tambayoyin jarrabawa, duk wurina ake kawowa. Baffana, ƙanin mahaifina, tsohon hedimasta ne, irin mutanen nan da ko katin suna ka miƙa musu sai sun zaro jan biro. Da ya yi ritaya sai ya ɗora wa kansa rubuta tarihin zuri'armu, tun daga kakan kakanmu har jariran bana, don a raba a taron zumuncin da muke yi bayan Babbar Sallah. Wata safiya ya zube mini littattafan rubutu huɗu a kan tebur, ya ce, “Ɗana, a mai da wannan littafi. Littafi na ce, ba takardar naɗe tsire ba.”

Kowa a gidanmu ya san ba don taron kawai yake wannan wahala ba. Don Gwaggo ne. Gwaggo yayarsu ce, ita ce babba a cikin waɗanda suka rage, tana zaune a Riruwai tun da aka kai ta aure. Shekara tara rabonta da taka gidanmu. Akwai wata bishiyar ɗorawa a gonar gado, wadda mahaifiyarsu take samun kalwar daddawa a jikinta. Baffa ya sa aka sare ta, wai inuwarta na hana dawa yi, ko tuntuɓar Gwaggo bai yi ba. Ta zo ta tarar da kututture, ta rantse ba ta ƙara zuwa Bebeji, ta hau mota ta tafi. Shi kuwa Baffa, ya fi masa sauƙi ya cika littattafai huɗu da rubutu a kan ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure. Ga shi duka biyun sun tsufa, kullum muna fargabar ɗaya ya tafi ba su shirya ba.

Aikin bugawar bai dame ni ba. Abin da ya kusa haukata ni shi ne kan babi. Baffa ya kafa kujera a bayana, sandarsa tsakanin ƙafafu, yana numfashi a ƙeyata.

“Ƙara masa girma.”

“Baffa, in na ƙara, kalma biyu za ta cinye rabin shafin.”

“To ta cinye mana! Kakanmu ne a ciki, za ka rubuta shi kamar lambar waya?”

Na yi masa bayani cewa a manhajar nan salo ɗaya ake tsara wa kan babi, sai duk babukan su bi shi. Ka ƙara wa ɗaya girma, duka sun ƙaru. Ni a ganina wannan abin burgewa ne. Baffa ya cire tabarau ya dube ni kamar na zagi wani.

“Wato babin kakanni da babin jikoki girmansu ɗaya?”

“Haka ake yi, Baffa.”

“Kai, wannan na'ura ba ta da tarbiyya.”

Ba yadda na iya. Sai da na tsara wa kowane babi salonsa daban, na kakanni ƙato baƙi wuluk, na iyaye ya ɗan rage, haka har aka zo na jikoki, wanda sai ka kanne ido kake karanta shi. Wallahi in wani mai sana'ata ya ga littafin nan sai ya yi mini dariya. Amma Baffa ya gyaɗa kai ya ce yanzu kowa ya san matsayinsa.

Sai kuma ya ce yana son sunan babi ya riƙa fitowa a saman kowane shafi, yadda duk inda mutum ya buɗe zai san a ina yake. A nan ne na ɗan ɗaga kafaɗa, don wannan aikin ba kowane mai shago ya iya ba. Rubutun saman shafi sau ɗaya ake yin sa, sai ya bi duk shafuffukan da kansa. In kana son kowane babi ya ɗauki nasa, sai ka sa wani layi na raba sashe tsakanin babi da babi. Layin ba ya fitowa a takarda, ko a fuskar kwamfutar ma a ɓoye yake sai ka nemo shi. Duk abin da ke samansa na babin baya ne, abin da ke ƙasansa na babin gaba. Baffa ya ce, “Kamar iyakar gona ke nan.” Na ce haka ne. Babi na huɗu sunansa Waɗanda Suka Riga Mu Gidan Gaskiya. Babi na biyar, Waɗanda Ke Raye. Na sa layina a tsakaninsu, na duba sau uku, komai daidai.

Ranar da za a kai aikin maɗaba'a a Kano, direban da zai tafi da shi ya riga ya tsaya a ƙofar shago yana ta danna ham, sai ga Baffa da sauri yana haki. Ya zaro hoto daga aljihu. Gwaggo ce, shekarar da ta dawo daga aikin Hajji, ta yi murmushi haƙorin Makka na walƙiya.

“A ba ta shafi guda ita kaɗai,” in ji shi, idonsa a kan bango. “A farkon masu rai.”

“To, sai in sa ta a ƙarƙashin kan babin.”

“A'a! Ita ce babba. Ko kan babin kada ya riga ta.”

Ya miƙo mini 'yar takarda da abin da za a rubuta a ƙasan hoton. Direba na ta ham, Baffa na ta yi sauri yi sauri. Na kai linzami gaban kan babi na biyar, na buɗe sabon shafi, na ɗora hoton, na buga rubutun, na miƙa. Ban nemo layin nan na duba ba. Ban ɗaga idona saman shafin ba. Ashe Gwaggo ta faɗa gonar maƙwabta.

Littattafai suka iso ana saura mako guda taro. Baffa ya duba bango, ya duba kan babin kakanni, ya ji daɗi, ya kasa haƙuri. Ya fara aika wa dangi na Kiru da Ba'awa da Tudun Wada. Na Gwaggo kuwa ya ajiye shi a ƙarƙashin matashi, wai sai ya samu mutum mai mutunci da zai kai mata hannu da hannu.

'Yan Ba'awa suka buɗe nasu. Ga hoton Gwaggo shafi guda, ga addu'a a ƙasa, a sama kuma an rubuta Waɗanda Suka Riga Mu Gidan Gaskiya. Mata suka sa salati. Babu wanda ya kira mu, don fushi suka yi, wai an yi rasuwa irin wannan 'yan Bebeji sun ɓoye musu sai a littafi suka gani. Wayar Gwaggo kuwa dama kullum a kashe take cikin kwalla. Suka ce ai ta'aziyyar babba ba a waya ake yin ta ba. Suka cika mota guda, maza da mata, har da ƙwaryar gero, suka kama hanyar Riruwai.

Waɗanda suka je sun ba ni labari. Suka shiga gidan da sallama ƙasa-ƙasa, wata har ta fara sheshsheka tun daga zaure. Sai ga mamaciya zaune a kan tabarma tana gyaran wake. Ta ɗago ta ce, “Lale, lale! Lafiya kuwa kuka taho gayya guda?” Wata matar ɗan'uwanmu ta juya da gudu, takalminta ɗaya sai washegari aka tsinto shi.

Ni ban san komai ba. Washegari da hantsi ina buga wa wani katin biki, sai na ji an doka abu a kan teburina har linzami ya yi tsalle. Na ɗago. Gwaggo ce tsaye, ta ɗaure ƙugu da mayafi, littafin 'yan Ba'awa ne ta doka. Shekara tara ban gan ta ba, ta ƙanƙance, amma idon nan na nan yadda na san shi. Tun kafin ta je ko'ina wurina ta fara sauka, saboda ni da kaina na buga sunan shagona a bangon bayan littafin da manyan haruffa, wai ina talla.

Na zube ƙasa. “Gwaggo, sannu da zuwa. Ya hanya?”

“Hanyar lahira kake tambaya? Tashi, ɗan nema, ka nuna min inda na mutu.”

Na buɗe shafin. Da idona ya sauka a saman sai na ji gumi ya karyo mini har ƙafa. Innalillahi! Na ce, “Gwaggo, kuskuren na'ura ne.”

“Na'urar ce ta san ni? Ita ta je gida ta ɗauko hotona? Kira min wanda ya aiko ka.”

Aka je aka kira Baffa. Mutumin da malamai ke rawar jiki in sun ji tarinsa, sai ga shi ya shigo yana laluben bango, ya durƙusa a gabanta da ƙyar, gwiwarsa na ƙara.

“Yaya, barka da zuwa.”

“Ka sare ɗorawa bai ishe ka ba, ni ma sai ka sare ni?”

Baffa ya karɓi littafin ya duba, ya juyo kaina da tsawa. “Kai! Wane irin sakarci ne wannan?”

Nan fa raina ya ɓaci. Wata uku ina shan numfashinsa a ƙeya, yanzu a jibga mini ni kaɗai? Na kunna kwamfutar, na fito da layin a fili, na nuna musu. “Ga iyakar nan. Ni na ce a sa Gwaggo a ƙasa, ƙarƙashin kan babi. Baffa ya ce a'a, ita ce babba, ko kan babin kada ya riga ta. Shi ya sa ta haye sama. Laifina ban duba ba, amma ba ni na ce a tura ta gaba ba.”

Gwaggo ta dubi layin, ta dubi Baffa. “Kai ka ce haka?”

Ya sunkuyar da kai. Ta juyo kaina.

“Wannan rubutun na ƙasan hoton fa? 'Yan Ba'awa na saman kawai suka karanta min, sai kuka.” Ita Gwaggo ajami take karantawa, ba boko ba. “Karanta min.”

Na karanta. Babbar yayarmu, uwarmu bayan uwa. Ita ta goya ni, ita ta kai ni makaranta ranar farko. Allah Ya saka mata da alheri.

Mai katin biki ya sulale ya fita. Baffa ya share maƙogwaro ya fi sau uku, sannan ya ce da wata 'yar murya da ban taɓa jin sa da ita ba, “Yaya, ɗorawar nan, ban kyauta ba. Ki yafe min.”

Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce, “Sai da kuka kashe ni bakinka ya buɗe. Tashi, tsoho da kai kana durƙuso a kasuwa. Mu je gida, yunwa nake ji.” A bakin ƙofa ta waiwayo ta nuna ni da yatsa. “Kai kuma, na karya rantsuwa saboda kai. Kaffarar nan tare za mu yi ta.”

Kwana biyu na yi ina yanka 'yan siraran takardu ina manna su a saman shafin nan, littafi bayan littafi, har yatsuna suka daskare da gam. Gwaggo ta hana a taɓa nata. A wurin taro duk wanda ya zo gaishe ta sai ta buɗe masa ta ce, “Ka ga takardar mutuwata, ɗan ƙanina ne ya buga.” Baffa na gefenta yana dariya har da tari. Wata guda ta yi a gidan, kullum suna musu a kan wa ya fi tuna abin da ya faru shekara sittin da suka wuce.

Da damina ta zagayo Baffa ya kwanta, kwana shida, Allah Ya karɓi abinsa. Gwaggo na wurin, ita take ba shi ruwa da cokali.

Bayan sadakar arba'in dangi suka ce a gyara littafin a sake bugawa. Na yi ta ja da baya, don na san abin da gyaran yake nufi. Ranar da na zauna yi, Gwaggo ta zo ta zauna a kujerar nan ta bayana.

“Fito min da iyakar,” ta ce.

Na fito da layin. Na ɗauko sunan Baffa daga babi na biyar, na haurar da shi sama. Aikin daƙiƙa biyu ne. Ta ce a ba shi shafi guda shi ma, a sa shi na ƙarshe a babi na huɗu, dab da layin. Na yi. Nata shafin kuma na sauko da shi ƙasan layin, gaban kan babi na biyar. Shafinsa ya zo a hagu, nata a dama, suna kallon juna. Wannan karon na ɗaga ido na karanta mata saman kowanne a fili, don kada a sake.

Na ce, “Gwaggo, ko in matsar da ke ciki kaɗan, bayan kan babin, don a huta da tsoro?”

Ta dafa kafaɗata ta miƙe da ƙyar. “A'a, bar ni nan kusa da shi. In lokacin ya yi ba sai ka sha wahalar nemana ba.”