Inabi a Aljihun Oom Gawie

"Ba zan ƙara tauna maka ko ƙwaya ɗaya ba, Gawie."

"Rage murya, Mieta. Bangon nan kwali ne."

"To kwalin ya ji. Tsoho da kai, kana yawo da aron bakin matarka."

Ina shan shayin safe na ji su, don bango ɗaya ya raba ni da su a layin gidajen ma'aikata.

Shekara talatin da ɗaya Oom Gawie Plaatjies (Oom, wato Kawu) ke yanke ranar tsinkar inabi a gonar nan. Yakan bi layi-layi, ya tauna ƙwaya har ƙwallonta, ya tofar, ya ce saura kwana huɗu. A kwarinmu hazon teku ba ya ɗagawa sai hantsi: ka yi gaggawa giya ta yi tsami, ka yi jinkiri inabi ya ruɓe a reshe. Mai gona yana da na'urar awon zaƙi, amma bakin Oom yake jira. Saboda bakin nan ya bar masa gidan bayan gwiwoyinsa sun gaza.

Ashe tun zazzaɓin bara Oom bai ƙara bambance zaƙi da tsami ba. Cika aljihu yake yi ya kawo wa Antie Mieta, ita ta tauna, shi ya kai labari.

"Ranar Litinin kin ce a jira mako guda," in ji shi. "Jiya na ga fumfuna a layukan gangare."

"Abin da bakina ya ji na faɗa."

"Bakinki, ko Elsabe?"

Elsabe 'yarsu ce, tana da ɗaki a garin Kleinmond, ta daɗe tana roƙon su koma wurinta. Kuskure Antie ta yi, ko so take a kore su kowa ya huta? Ina zaton ita ma ba ta son sani. Shi kuma ban tabbata gidan yake tsoron rasawa ba, ko tsayuwar da mai gona ke yi da hula a hannu yana jiran ya tofar.

Da Oom ya fito, ya tarar da ni a ƙofa. Bai tambayi abin da na ji ba. Ya zazzage aljihunsa a kan dakali, ya leƙa cikin gida.

"Kada ki fara ɗaure kaya, Mieta. Zan ce wa mai gona a tsinke yau. In ya tambayi yadda na sani, in ce gani na yi. Idon dai har yanzu nawa ne."