Taron da ke cikin aljihun Malam Isuhu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe garejina da safen nan anka kira ni: Malam Isuhu mai gyaran injuna ya rasu. Mota ta banke shi bisa moto, babur ɗinshi, yana dawowa daga Sakkwato.

Maigidana ne. Wajenshi na koyi aikin ƙarfe a nan Konni.

Zuciyata tafasa take, kuma sai na faɗi.

Tun ɗazu nake ganin wasu na rubuta "mutumin kirki, ba ya da abokin faɗa". Ku? Ku da kunka cika ƙofar garejinshi kuna ce mishi tsoho mai nawa?

Wanda bai san zancen ba, ga shi. Masu lambun albasa na wajen Tsarnawa sun kawo mishi injin ban-ruwansu, zaren ramin bulon ɗin da ke riƙe kan injin, wato haƙoran da bulon ke kamawa in an murza shi, ya cinye. Aikin taro ne, ƙarfen nan mai haƙora da ake murzawa cikin rami ya yanka sabon zare. Amma injin tsoho ne, ta Nijeriya ya shigo, zarenshi na inci ne, bulon ɗinshi ma haka. Taron da ke hannun kowa a nan na milimita ne. A ido kamar ɗaya suke. Ba ɗaya ba ne.

Malam ya ce a jira ya samo na inci. Sunka ce albasa na bushewa. Gaskiyarsu, tana bushewa, ban musa ba. Amma wane irin zagi ne ba a yi mishi ba? Har wani ya ce da gangan yake ja, wai don a roƙe shi.

Mutumin da in mai amalanke ya kawo mishi gyara sai ya ajiye aikin babbar mota ya fara da shi, don jaki na tsaye cikin rana.

Mutumin da ranar da na karya mishi taro cikin rami, ina sabon shiga, bai ɗaga murya ba. Ya zauna ya ciro guntun, ya miƙo min wani ya ce, "Murza kaɗan, ka koma baya kaɗan. Sa mai. Ƙarfe ma yana son a bar shi ya huta."

Jiya na biya wajenshi. Yana tari, idanunshi jajur, ga kan injin gabanshi. Na ce, "Maigida, ka sa na milimitan nan ka rabu da su mana. Zai kama."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Zai kama yau," in ji shi. "Ran da ya saki, ruwa na tsakar gudu, kan injin ya tashi, wa ke tsaye kusa? Kai ko mai lambu?"

Na ce to ya bari a aiko da taron incin daga Sakkwato cikin mota. Ya ce an aiko sau ɗaya, anka kawo wanda ba shi ba. Wanga karon da bulon ɗin za shi, ya gwada da hannunshi.

Ya tafi da zazzaɓi a jikinshi don ku daina zaginshi.

Na san kwana ne ya ƙare, ba sai an tuna min ba. Amma bakin da kunka sa mishi, wannan naku ne, ba ƙaddara ba.

Da anka gama wankan gawa, ƙanenshi ya miƙo min abin da anka samu cikin aljihun rigarshi. Tsumma ne a naɗe. Na warware, ga taro guda uku, na farawa, na tsakiya, na ƙarasawa, ga bulon ɗin ɗaure tare da su. Na jera haƙoran bisa juna, sun zauna daram.

Masu lambu, gobe ku zo garejina ku ɗauki injinku. Zan ɗauko shi daga garejin Malam, ni zan yanka zaren, yadda ya koya min. Albasarku za ta sha ruwa. Kada wanda ya yi min ta'aziyya a wurin.

Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya yafe mishi kurakuranshi, ya haskaka kabarinshi, ya ba iyalinshi haƙuri. Ni ma ya sanyaya min zuciya. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi cikin addu'a.