Kwalayen Babana

Babana mai buga takardu ne, kuma har yau ban yafe masa ba. Shekara arba'in yana gaban injin, yana buga tikitin mota, katin gayyata, takardar talla, duk abin da ake karantawa da safe a tattake da yamma. Kowane aiki sai ya cire kwafi ɗaya ya jefa a kwali.

Wani malami ya taɓa gaya masa Turawa na da kalma guda ta irin waɗannan takardu, wai daga Girkanci suka aro ta, ma'anarta "na yini ɗaya". A da ƙwaron da ke mutuwa ranar da ya fito ake kira da ita. Shi ke nan, Baba ya samu abin faɗi. Ko ruwa ka zo sha sai ka ji wannan karatu.

"Abin yini ɗaya shi ke buƙatar mai ajiya," in ji shi. "Mai daɗewa ai yana ajiye kansa."

Kwalaye suka cinye ɗakinsa, suka gangaro falo. Shekarar da Mama ta rasu, rufin ɗakinta ya fara yoyo. Baba ya kwashe kwalayensa biyu da ke ciki, ya bar akwatinta a ƙasa damina guda. Hotonta ɗaya tak a duniya yana cikin akwatin.

Ban sani ba sai da 'yata ta matsa tana son ganin fuskar kakarta. Na buɗe akwatin, na tarar hoton ya manne da zane, ya zama tabo.

"Baba, ka tsame tikitin mutanen da ba ka sani ba, ka bar Mama a ruwa?"

"Hoto ne fa. Na ɗauka hoto ba ya lalacewa."

Ko a jikinsa. Ya shiga ɗaki, bai yi minti biyu ba ya fito da wani ɗan kati. A shirme dai ba ya ɓata lokaci.

"Ungo, na layin asibiti ne. Ni na buga, ita ta riƙe shi ranarta ta ƙarshe."

Na so in yaga shi a gabansa, hannuna ya ƙi. Yanzu in 'yata ta ce, "Umma, ina Kaka?" katin nake ciro mata. Lamba goma sha bakwai.